Inna, Ashe Kifi Ma Yana Zaɓen Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, wadda duk Tarka ta sani da Inna Mai Ƙosai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, irin wadda kika koya mini tun ban san dama da hagu ba, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan Tanut muna lafiya, alhamdu lillahi. Maigidana ma lafiya lau, yana can Agadas wajen aiki kamar yadda kika bar shi. Damina ta biyu ke nan muka yi babu ke.

Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda. Na san kuma waɗanda za su karanta wannan mutanen shafina ne, masu biyo ni saboda hotunan kifi da nake sakawa. Da yawa sun tambaye ni yadda aka yi malamar lakwal, wato makarantar boko, a garin da ko gulbi babu, ta shiga kiwon kifin ado. Na yi ta neman ta inda zan fara ba su amsa, sai na ga labarin ba zai fito daidai ba sai in ke nake ba wa. Saboda haka su saurara daga gefe.

Bayan an yi miki addu'ar arba'in, na je Tarka na ɗauko Baba. Bai so ba, amma bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ne ya fara ba ni tsoro. Mutumin da kika sani, wanda in ya fara labarin tafkin Chadi sai tuwo ya huce a gabansa, ya koma ba ya haɗa kalma biyar a wuni. Na gyara masa ɗakin ƙasan nan mai sanyi na kusa da zaure. Da safe in bar shi zaune a kan buzu yana kallon bango, in na taso daga lakwal da azahar in same shi yadda na bar shi, furarsa ta tsinke a kwano. Salla kaɗai ke tayar da shi. Ko masallaci ya daina fita.

Na kai shi asibiti. Likita ya auna shi ciki da waje, ya ce jini ya ɗan hau amma ba shi ke ramar da shi ba. Ya ja ni gefe ya ce in tsoho ya saki abinci ya saki magana, to sai an tashi tsaye, don jiki ba ya jure wannan da daɗewa. Na fito da takardar magani a hannu. Ban gama kukan rashinki ba, ga shi ana nuna mini hanyar rashi na biyu.

A cikin wannan hali aka tura mu Damagaram horon malamai na mako guda. Ranar da za mu gama, na raka wata abokiyar aiki sayen labule, sai idona ya faɗa kan wani shago da aka jera akwatunan gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawo a ciki. Na tsaya cik. Baba ne ya faɗo mini, da shekarun samartakarsa da yake zuwa cin rani bakin tafki yana taya masunta jan taru da banda kifi. Na ce a raina, tunda ba zan iya kai shi ga ruwa ba, bari in kawo masa ruwa ɗaki.

Mai shagon wani dattijo ne mai sanyin magana, Malam Sanusi. Da na ce masa Tanut zan kai su, tambaya ɗaya ya yi mini: "Hajiya, wane irin ruwa gare ku can?" Na ce ruwan foraj ne, rijiyar burtsatse, garau, ko ƙwayar laka babu. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na katse shi na nuna waɗanda nake so. Sauri nake yi, kuma in faɗa miki gaskiya, ji nake ni mai ilimi ce, ba mai sayar da kifi ne zai koya mini ruwa ba. Na zaɓi wasu guda goma da ake kira tetira, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kowane da zane shuɗi mai walƙiya a gefensa da ja wajen wutsiya.

Na ɗauko su a motar safe cikin leda, na rungume kular da suke ciki tun daga tasha har gida. Ina isa na ɗauraye akwatin, na juye masa bido biyu, wato jarka, na ruwan forajin unguwarmu, na kwance leda na zazzage su ciki. Ko hutawa ban bari sun yi ba.

Inna, da kin ga Baba ranar. Ya daɗe yana kallo ta gefen ido, can ya jawo buzunsa ya juyo da shi wajen gilashin. Ya ce, "Uwata, waɗannan ai ƴaƴan kifi ne. Ina iyayen?" Rabon da in ji ya kira ni Uwata tun ranar da aka fita da ke. Ranar ya shanye furarsa tas. Na shiga madafa na yi kuka na share ido na fito.

Kwana uku murnata ta yi. Safiya ta huɗu muka tarar biyu sun juya ciki sama. Sauran launinsu ya dushe, sun taru a kusurwa ɗaya suna numfashi da sauri. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara abinci. Na ɗauka datti ne, na zubar da ruwan duka na sake sabo daga foraj. Duk abin da na yi sai ya ƙara lalata al'amarin. Kafin kwana tara babu ko ɗaya.

Baba da kansa yake tsamo su, ya kai bayan ɗaki ya tona ƙasa ya rufe. Da ya rufe na ƙarshe ya wanke hannu, ya ce mini a hankali, "Bar wahalar da kanki, Uwata. Abin da aka raba da wurinsa ba ya zama." Ya mayar da buzunsa wajen bango. Na san ba kifin kaɗai yake nufi ba. Ni da na kawo abin da zai faranta masa, sai ga shi na kawo masa gawa goma ya binne da hannunsa.

Na bar akwatin a bushe kusan wata guda, ko kallonsa ba na son yi.

Wata Asabar na ɗora wake tun hantsi. Na ƙara itace, na ƙara ruwa, azahar ta yi waken nan yana nan kamar tsakuwa. Na miƙa hannu zan ɗauko kanwa ina mita a kan mai waken da ya sayar mini tsoho, sai na ji muryarki sarai kamar kina zaune a kan kujerar nan taki ƴar tsugune: "Ke, ba waken ba ne. Ruwan ne." Na tsaya da kanwa a hannu. Na ɗaga murfin butar shayi na leƙa, cikinta fari fat, ya yi ɓawo kamar an shafe shi da farar ƙasa. Sai tambayar Malam Sanusi ta dawo mini, na ji kunya ta rufe ni ni kaɗai a madafa.

Ni ce ɗiyar da ta tashi a hannun matar da ta fi kowa sanin ruwa a kwarin Tarka, amma aka tambaye ni irin ruwanmu na ce garau ne.

Ba ki taɓa zama a aji ba, Inna. Ko sunanki ba ki iya rubutawa. Amma rijiyoyin garinmu kin san su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kika san ƴan uwanki. Ta bayan kasuwa kin ce a sha amma kada a kai mata wanki, cin sabulu gare ta. Ta bakin kwari ita ce ta shayi. Ta wajen makiyaya mai zartsi ce, ta raƙuma ce da shanu, su suna sonta. In na dawo da tulu, kurɓa ɗaya za ki yi ki ce mini na yi ƙiwa na tsaya a ta kusa. Ban taɓa yi miki ƙarya a kan ruwa na sha ba.

Na tuna bikin ɗiyar ƙanwarki a Ollelewa, da aka ɗora miki ƙosan baƙi. Kin sa hannu a ruwan da aka tanada, kin murza yatsu, kin ɗanɗana, kika ce ba za ki jiƙa wakenki a ciki ba. Matan gidan suka ji haushi, wata har ta ce ruwan da suka sha suka girma ne kike rainawa. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Ban raina shi ba, ƴar uwa. Na sha ne mai kyau. Amma ƙullu ba zai tashi a cikinsa ba." Kika sa aka ɗebo na tabki aka tace. Ƙosan nan ya tashi fuka-fuka, matar da ta yi maganar ita ta fara zuwa tambayar sirrin.

Na tuna kuma ranar da aka buɗe sabon foraj a garinmu, ana guɗa ana kiɗa, manya sun zo da motoci. Kowa na tara hannu yana sha yana yabo. Ke kuwa kin je da guntun sabulu a bakin zane. Kin wanke hannu, kin duba tafinki, kika ce wa maƙwabciyarmu, "Alhamdu lillahi, mun huta da jan guga. Amma ki sa ido a kan butarki." Ba a yi wata uku ba butocin unguwa suka yi fari.

Ga kuma randar nan taki ta bayan ɗaki da ba mai taɓawa, wadda kike tara ruwan sama a ciki don fararen rigunan Baba da wankin kanmu ranar salla. Kin ce ruwan sama mai sauƙi ne, na ƙasa mai nauyi ne don ya ratso dutse ya kwaso abin da ya kwaso. Lokacin dariya nake yi a ɓoye. Na je lakwal an koya mini ruwa ba shi da launi ba shi da ɗanɗano, na ɗauka na fi ki sani.

Ranar da waken ya ƙi nuna, gwajinki na fara yi. Na samo kwalba biyu, ɗaya na zuba ruwan foraj, ɗaya na zuba ruwan sama da na tara a baho, don damina ta fara. Na ɗiga sabulu daidai wa daida na girgiza. Ta ruwan sama ta cika da kumfa har wuya. Ta foraj kuwa ta yi fari-fari kamar tsinkakken nono, kumfar ko kaurin yatsa ba ta kai ba, nan da nan ta mutu. Daga baya na gani a littafi cewa masana ma da sabulu suka fara auna wannan abu, sun ba shi suna taurin ruwa. Abin da suka rubuta a littafi, ke a tafin hannu kike karanta shi.

Na nemo lambar Malam Sanusi na kira shi, na ba shi haƙuri kafin in faɗi komai. Bai ce mini "ai na so in gaya miki" ba. Ya ce in kwantar da hankali, kusan kowa da asara yake farawa. Ya aiko mini wasu ƴan siraran takardu ta hannun direba, waɗanda ake tsomawa a ruwa su canza launi a gwada da jadawali. Da na tsoma a ruwanmu, launin ya tafi can ƙarshen jadawalin.

Ya yi mini bayani dalla-dalla ta wayar salula. Ya ce tetiran da na zaɓa asalinsu daga ƙoramun kurmi suke, inda ruwa kusan na sama ne zalla, mai sauƙi. Mu muna shan ruwa ne mu tashi mu tafi, shi kuwa kifi a ciki yake numfashi dare da rana, duk abin da ke cikin ruwan yana taɓa jikinsa. Na ɗauko su daga ruwan da suka saba na jefa su farat ɗaya cikin mai nauyi, ga zafin Tanut, ga sabon akwati da bai kwana da ruwa ba, ga abinci da na cika musu yana ruɓewa a ƙasa. Ya ce laifi huɗu na haɗa, amma na farkon shi ne wanda ko na gyara sauran zai ci gaba da cin su a hankali.

Kin san ni da wayo. Na ce masa to ai da sauƙi, tunda kanwa na sa wake ya nuna a ruwa mai nauyi, sai in ɗan jefa musu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Hajiya, kanwa ta wake ce. In kika zuba musu, kafin ki dawo daga lakwal kin yi wata jana'izar."

Ya ce hanya biyu ce. Ko in riƙa sirka ruwanmu da na sama kullum har ya yi sauƙi yadda tetira ke so, ko in bar ruwan yadda Allah ya yi shi in nemo kifin da ke son irinsa. Na yi lissafin daminarmu, wata biyu ce zuwa uku in an yi sa'a. Ina zan samu ruwan saman da zai kai ni bazara? Ina cikin wannan tunani na tuna abin da kike ce mini in na dawo ina zagin rijiyar bayan kasuwa: "Kar ki zagi ruwa. Ki san abin da yake iyawa, ki ba shi wannan aikin." Na ce wa Malam Sanusi ya zaɓa mini waɗanda ruwan Tanut zai karɓa.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na wanke akwatin ba da sabulu ba, na shimfiɗa yashi wankakke, na dasa ƴan ciyayin ruwa da ya aiko. Na sa ƙaramin injin da ke hura iska, na haɗa shi da fanon hasken rana saboda kuran ɗinmu, wutar lantarkin nan da ke zuwa ta tafi. Ya aiko mini da wani tsohon soso daga cikin akwatinsa, ya ce a jikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi, sai sun yaɗu kafin a sa komai. Mako uku akwatin yana ɓulɓula babu kifi ko ɗaya. Baba bai juyo ba, amma wata rana da na shigo da tuwo ya ce da bango, "Yanzu kuma ruwa ake kiwo?" Na ce e, Baba, ruwa nake kiwo. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Shida aka kawo mini: gupi huɗu masu wutsiya kamar mafici, da wasu baƙaƙe wuluk guda biyu da ake kira moli. Na ɗora ledar a kan ruwan akwatin ba tare da na kwance ba har zafinsu ya zo ɗaya. Sannan na riƙa ɗiban ruwan akwatin da ƙaramin kofi ina zuba musu kaɗan-kaɗan, ina jira, ina ƙarawa, kusan awa guda, kafin in sake su. Na san in waɗannan ma suka mutu a gaban Baba, ba ni da sauran dabara.

Kowace safiya kafin in gaishe shi sai na ƙirga su da ido. Shida. Mako ya zagayo, shida. Mako na biyu launinsu ma ƙaruwa ya yi, molin nan suna ta tsattsagar gansakuka a jikin gilashi kamar awaki a gindin ƙaya.

Ban san ranar da Baba ya juyo da buzunsa ba. Na dai dawo daga lakwal na same shi durƙushe, ya sa farce yana kankare wani farin layi da ya fito a saman gilashin. Ya ce, "Ruwan nan yana tashi, gishirinsa yana zama. In kina cikawa da na foraj, kullum ƙara nauyi zai yi." Ya ce haka suke gani a bakin tafki da rani, in ruwa ya janye ya bar ƙananan kududdufai, sai su yi ta ƙara zartsi, wasu kifayen su mutu, karfasa ta rage. Na kira Malam Sanusi na faɗa masa, ya ce tsohon ya fi shi gaskiya: wanda zafi ya ɗauke a mayar da na sama, wanda aka ɗebe da hannu kowane mako a mayar da na foraj.

Da aka yi hutu na je Tarka na ɗauko randarki a bayan mota, na naɗe ta da tsofaffin zannuwa. Baba ne ya nuna inda za a kafa ta. Da hadari ya haɗo na fito da bahuna, ya hana ni tarar na farko, ya ce a bari ya wanke rufin tukuna, haka Innarku ke yi. Karon farko ke nan da ya ambace ki a gabana tun da kika rasu.

Daga nan ya karɓe aikin. Shi ke ba su abinci, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau biyu a wuni. In na zo zan ƙara ya ture hannuna, ya ce ni ce na kashe na farko da kirki. Kowace Juma'a da safe mu ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan mu mayar da wanda ya kwana a bido. Ya raɗa musu sunayen kifayen tafki: baƙaƙen nan su ne tarwaɗa, wata gupi mai ƙaton ciki ita ce giwan ruwa. Mutumin da ke ba wasu abinci a kan lokaci, sai ga shi shi ma yana tambayar ina nasa. Ya koma masallaci, kuma ba ya dawowa shi kaɗai. Tsofaffin unguwa yake jawowa su zo kallo, har da wani makiyayi daga wajen Belbeji da ya zo cin kasuwa, ya zauna ya kasa tashi, yana tambaya ko ba sa gajiya da iyo.

Yanzu in wani ya rubuto mini yana son farawa, ba na fara tambayarsa wane kifi yake so. Ce masa nake ya leƙa cikin butarsa, ya girgiza ruwan gidansu da sabulu a kwalba, in da hali ya auna da takarda, sannan ya je shago. Suna yi mini godiya suna cewa Madam ta san ruwa. Ni kuwa na san wadda ta san ruwa. Duk abin da nake faɗa musu naki ne, na dai sa masa sunayen littafi.

Makon jiya, ranar Lahadi da hantsi, ina shara a tsakar gida na ji Baba yana ƙwala kira, "Uwata! Uwata!" Na yar da tsintsiya na ruga, zuciyata ta riga ta ba ni mummunan labari. Na same shi tsaye, hula ta karkace, yana nuna gilashi da yatsa. Giwan ruwansa ce ke haihuwa. Ba ƙwai ba, Inna, ƴaƴa masu rai, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa da ido biyu, kowane yana faɗowa ya miƙe ya ruga cikin ciyawa. Ya ce shekara bakwai ya yi yana zuwa tafki bai taɓa ganin kifi ya haihu kamar akuya ba. Da ya ga manyan sun fara bin su za su haɗiye, ya ɗauko kofin shayinsa ya shiga tsamo su ɗaya-ɗaya yana zubawa a wata babbar kwalba, yana yi wa uwar faɗa wai ba ta da tausayi. Goma sha huɗu ya tsirar. Ya yi dariya har ya zauna.

Bayan la'asar muna zaune mu biyu, kwalbar tana tsakaninmu, ya yi shiru mai tsawo. Na ji tsoro ko shirun da ne ya dawo. Can ya ce, "Kin san Innarku ba ta taɓa ganin kifi mai rai ba?" Na ce ban sani ba. Ya ce busasshe kaɗai kika sani, da mai banda da ake kawowa kasuwa a kwali. Ya ce tun kina amarya kike ce masa ya kai ki ki ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, ki ɗanɗana ki ji irinsa. Kowace shekara ya ce miki in an yi girbi. Shekara arba'in da ɗaya yana cewa in an yi girbi, ke kuma ba ki taɓa yi masa gori ba, sai dai ki ce Allah ya kai mu. Ya share fuskarsa da hannun riga. Ya ce, "Da ta ga waɗannan, hannu za ta fara sawa a ruwan kafin ta kalle su."

Na riƙe hannunsa kawai, abin da ban taɓa yi ba tun ina ƙarama. Da aka kira magariba ya tashi da kansa ya ɗauki buta.

Innata, ban taɓa gaya miki kina da ilimi ba. Na yi ta kawo miki takardun sakamako kina shafa su kina sa albarka, ban taɓa zama na ce ki koya mini naki ba. Ki yafe mini. Ki yafe wa Baba ma, na san kin riga kin yafe.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta ka yalwata shi. Yadda ta shayar da mu ruwa mai kyau duk tsawon ranta, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka zaunar da ita a inda ƙoramu ke gudana, ta gani da idonta har ta ƙoshi. Ka ƙara wa Baba lafiya da kwana masu albarka, ka haɗa mu da ita a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Balkisa,
daga Tanut.